DA A CE TURAWAN DA SUN YI KIWON RAƘUMI



Akwai wata gardama da ta daɗe tana yawo a majalisunmu na bayan sallar isha, nan Dir'iyya da cikin Riyad, ta kuwa ƙara zafi tun 2024, sa'ad da hukumar ƙasar nan ta sa wa shekarar suna Shekarar Raƙumi. Samarinmu masu karatun zamani suna cewa raƙumi ne ya cuce mu, mu da Larabawa baki ɗaya. Wai ya sauƙaƙa mana tafiya har muka ƙi gina hanya, muka ƙi ƙera karusa, muka ƙi sassaƙa babban jirgi, su kuwa Turawa da ba su da shi dole ta sa suka yi waɗannan duka, suka zo suka tarar da mu muna jan akala. Dattawa kuma suka ce faufau, raƙumi shi ne ganuwar da ta tsare ƙasar kakanninmu shekaru ɗaruruwa, da Turawa sun mallake shi tun zamanin da, da tuni sun ƙetaro hamada sun ci Kano da Katsina tun ba a haifi kakan Shehu Usmanu ba. Tun da yake takardar nan ta jama'a ce, muka ga ya kyautu mu ɗauki maganar mu auna ta bisa abin da ya tabbata a tarihi.

Mun sani dai "da na sani" ƙeya ce, "da a ce" kuwa ƙanwarta ce, ba su mai da abin da ya wuce. Amma kowane akawu ya san in kana so ka gane nauyin wani layi cikin lissafi, sai ka cire shi, ko ka kai shi wani gida, ka ga yadda jimla za ta koma. Abin da za mu yi da raƙumi ke nan.

Mu fara da waɗansu 'yan shekaru da suka haɗa wurare uku masu nisa da juna. Littafin tarihin sarakunan Kano, wanda aka rubuta da Larabci, wani Baturen mulki Palmer ya fassara shi a 1908, ya nuna cewa Sarki Abdullahi Burja, wanda ya yi mulki daga 1438 zuwa 1452, shi ne ya fara mallakar raƙuma a ƙasar Hausa, shi ne kuma ya buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja. A zamanin Sarki Yakubu ne Abzinawa suka iso Gobir, gishiri ya wadata a ƙasar. To, cikin sarautar Burjan nan, a 1446, Mani'u al-Muraidi ya taso da iyalinsa daga gabas wajen Ƙaɗif, ya sauka a bakin Wadi Hanifa bisa gayyatar ɗan'uwansa Ibn Dir'i, ya kafa garin nan da muke zaune cikinsa. A can yamma kuwa, mutanen Fotugal sun riga sun ci garin Sabta na Maroko tun 1415, sun ji labarin ayarin zinariya da ke fitowa daga ƙasar baƙar fata, amma ba su da hanyar bin sawunsa. Sai suka bi ta ruwa, suna lallaɓa gaɓar teku, har a 1434 wani matuƙinsu Gil Eanes ya wuce tsinin Bojador, inda a da matuƙa ke tsoron wucewa.

Akwai kuma mutum guda da ya gwada ta tudu. A 1447 wani ɗan kasuwar Janawa ta Italiya, Antoniyo Malfante, ya kai Tuwat cikin tsakiyar hamada, ya rubuta wasiƙa gida yana ba da labarin abin da ya gani. Babban abin da ya je nema shi ne sanin inda zinariya take fitowa, bai kuwa samo amsa ba. Su Turawa ba jahilan maganar ba ne. Tun da Mansa Musa na Mali ya bi ta Masar zuwa hajji a 1324 sunansa ya cika duniya, har a wata taswira da aka zana a tsibirin Mayorka a 1375 an sa shi zaune da dunƙulen zinariya a hannu, ga kuma wani mai amawali bisa raƙumi yana nufo shi. Watau sun san dukiyar, sun kuma san dabbar da ke kaiwa gare ta.

Shi raƙumi mai tozo ɗaya ɗan ƙasar nan ne. A Jauf, kusa da Sakaka, akwai siffofin raƙuma sassaƙe jikin dutse, girmansu kamar na rai, masana sun ce sun haura shekara 7,000, tun raƙumi yana naman daji ana farautarsa. Horar da shi kuwa bai wuce kimanin shekara 3,000 ba. Bai cika amfani ba sai da Larabawan arewa suka ƙago sirdin itace mai zama daram bisa tozo, wanda ya sa ana iya ɗora masa kaya mai nauyi, mahayi kuma ya iya riƙe mashi. Daga nan ya bi ta Masar ya yi yamma sannu a hankali. A shekara ta 46 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, Kaisar na Rum ya kwashe ganimar wani sarki Juba a arewacin Afirka, aka lissafa raƙuma 22 ciki, abin kallo. Bayan shekara ɗari huɗu da 'yan kai, wani hafsan Rumawa ya nemi mutanen birnin Labda, kusa da Tarabulus, su ba shi raƙuma 4,000 kafin ya fita yaƙi dominsu. Ku dubi nisan da ke tsakanin lissafin nan biyu. Mu Hausawa daga bakin Buzaye da danginsu muka karɓi sunan dabbar, Yarbawa kuma suka karɓa daga bakinmu, har yau da sunan nan suke kiransa.

A nan samarinmu suna da gaskiya guda, ba za mu hana su ba. A jikin duwatsun Fazzan akwai zanen karusai da dawaki ke ja, alamar mutanen hamada sun san ƙafar karusa tun kafin raƙumi ya zo. Wani malamin tarihi na Amurka, Richard Bulliet, ya rubuta littafi a 1975 yana nuna yadda karusa ta ɓace daga Maroko har Farisa bayan raƙumi ya yawaita, sabo da ɗaukar kaya bisa raƙumi ya fi araha: ba ya son a gyara masa hanya, ba ya son katako da maƙeri, mutum ɗaya kuma yana jan da yawa. Wanda ya taɓa yawo cikin lungunan Ɗuraif, ko na cikin birnin Kano wajen Kurmi, ya ga shaidar wannan da idonsa. An yi su daidai wucewar dabba da kayanta, ba wanda ya yi su da tunanin amalanke.

Amma inda maganar ɓangarorin biyu ta sami tangarɗa shi ne zaton Turawa ba su taɓa samun raƙumi ba. Sun samu, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. An tono ƙasusuwan raƙuma a wurare da dama na tsofaffin mazaunin Rumawa cikin Turai ta arewa. A 613 Faransawan farko suka kama wata tsohuwar sarauniyarsu Brunhilda, suka ɗora ta bisa raƙumi suka zaga da ita gaban runduna don wulaƙanci kafin su kashe ta. A 986 sarkin Folan ya kai wa yaron sarkin Jamus, Otto na uku, raƙumi gaisuwa. A 1086 Yusufu bin Tashfin ya ƙetara Andalus da raƙumansa, aka yi yaƙin Zallaƙa, marubuta suka ce dawakin Kiristoci sun firgita da ganinsu da jin kukansu. Sarki Firedirik na biyu, mai Sisiliya da Jamus, wanda ya rasu a 1250, ya riƙa yawo da raƙuma cikin tawagarsa, Musulmin da ke ƙarƙashinsa su ne masu kula masa da su. Sarakunan Tuskaniya ma sun kafa garke a San Rossore kusa da Fisa tun 1622, garken ya rayu har yaƙin duniya na biyu ya cinye shi. Shekara ɗari uku ana kiwonsu a wuri guda, amma ba mu ji manoman kewaye sun yi rububin sayensu ba.

Me ya hana? Mutane sukan ce sanyi, amma ba sanyi ba ne. Raƙumi mai tozo biyu yana zaune a Mongoliya, inda hunturu ke daskarar da koguna, yana tafiya bisa ƙanƙara ba abin da ya dame shi. Abin da raƙumi ba ya so shi ne laima da taɓo. Tafin ƙafarsa faifai ne mai taushi da aka yi domin rairayi, in ya taka laka sai santsi, in ya daɗe cikin danshi sai ciwo. Ga shi da jinkirin haihuwa: taguwa takan yi wata 13 da ciki, ta haifi ɗa guda, ba ta sake ba sai bayan shekara biyu. Babban dalili kuwa shi ne, darajar raƙumi duka tana ga jure ƙishirwa da cin ƙaya, a ƙasar da ba ka tafiyar mil biyar ba ka ga rafi ba, wa zai biya kuɗin wannan? Ga koguna irin su Rain da Danub suna ɗaukar kaya kusan kyauta, ga sa yana jan garma, ga doki. Inda ƙasar Turawa ta yi kama da tamu kuwa ba su yi gardama ba: tsibiran Kanariya busassu ne, da suka ci su cikin ƙarni na 15 sai suka kawo raƙuma daga gaɓar Afirka, suka yi ta noma da su.

Mu ma ai muna da irin wannan iyaka, ta kudu. Raƙumi yakan sauke kayansa a Kano ko Katsina ya juya, don in ya nutsa kudu tsando da danshi su kashe shi. Goron Gwanja bai taɓa hawa raƙumi daga Salaga ba, jakuna da takarkarai da kawunan 'yan alaro suka kawo shi. Zangunan 'yan'uwanmu na Kumasi da Ankara jaki ne ya kafa su.

To, amma mu bar wannan duka, mu ba dattawa abin da suka roƙa. A ce garken Sarki Firedirik ya yi albarka, ya yaɗu a Sisiliya da Andalus, har wajen 1470 wani sarkin Turawa ya sauke amale dubu a Tarabulus, da mayaƙa da 'yan kasuwa, ya ce a nufi Kano, zamanin Muhammadu Rumfa ke nan. Daga ranar da suka bar bakin teku, abin da za su fara nema ba ya cikin kayansu. Rijiyoyin hanya ba su da alama, waɗansu ma rufe bakinsu ake yi da fata a turbuɗe da yashi, sai wanda ya gaji saninsu. Hanyar Gadamas da Gat da Azbin da Agadas kowane yanki da masu shi, kowa da fiton da yake karɓa. Su kansu attajiran Gadamas, da suka yi ɗaruruwan shekaru suna wannan fatauci, ba da raƙumansu suke ratsa hanyar duka ba, haya suke yi wurin Buzaye zango zango, waɗannan su kai su Gat, Kel Owi su karɓa su kai su ƙasar Hausa, domin raƙumin da ya yi wata guda yana ɗauke da kaya sai ya yi watanni yana kiwo kafin tozonsa ya komo. Baƙon da ya zo da dabbobinsa dole ya nemi jagora, ya nemi makiyaya, ya nemi izinin ruwa, duk a hannun mutanen da ya zo ƙwace wa ciniki. Mutanen Fotugal sun ɗanɗana wannan: a 1487 suka kafa gidan ciniki a Wadan, cikin hamadar Muritaniya ta yanzu, bai daɗe ba suka nannaɗe tabarmarsu suka koma bakin ruwa.

Ba ma sai mun tsaya ga zato ba, gama Allah ya nuna wa duniya gwajin abin nan sau biyu, ɗaya a ƙasar kakanninmu, ɗaya a ƙofar gidanmu.

Na farko shi ne na Judar Basha. Shi haifaffen Sifen ne, aka kamo shi yana yaro ya tashi a fadar Sarkin Maroko Ahmadu al-Mansur. A ƙarshen 1590 sarkin ya tura shi da mayaƙa wajen 4,000, da yawansu 'yan Andalus ne da Turawan da suka musulunta, da bindigogi da 'yan igwoyi, da raƙuma wajen 8,000, su je su ci Songai su kama tushen zinariya. Ga mutanen arewa ke nan, ga raƙumi, ga albarushi, daidai abin da dattawa ke tsoro. Da yawa suka mutu a hanya, sauran suka iso bakin Kwara, aka gamu a Tondibi kusa da Gawo cikin watan Maris 1591. Askiya Isiyaku na biyu ya fi su jama'a nesa ba kusa ba, ya sa aka koro garken shanu a gaba don su tattake baƙi, da shanu suka ji ƙarar bindiga sai suka juyo kan masu su. Daular Songai ta faɗi ran nan, aka ci Gawo da Tambutu da Jenne, aka kwashe malamai, har da Shehu Ahmadu Baba, aka kai su Marrakish a 1594. Wannan hasara ce babba, ba mai musun ta.

Amma ku bi labarin zuwa ƙarshensa. Ramukan zinariya suna can kudu cikin ƙasar da raƙumi ba ya shiga, ba su taɓa kai gare su ba. Zazzaɓi ya yi ta kashe mutane da dabbobi. Kowane ɗauki da za a aiko daga Marrakish sai ya yi watanni a hanya, ya iso ya ragu. Bayan rasuwar al-Mansur a 1603 aka daina kula da su sosai, ba a jima ba sojan suka shiga naɗa bashansu da kansu, suka auri 'yan ƙasa, 'ya'yansu suka tashi da harshen Songai a baki. Jikokinsu su ne ake kira Arma a Tambutu da Gawo har yau, baƙaƙe kamar kowa. Kano da Katsina kuwa ko ƙurarsu ba su gani ba, sai ma ciniki da malamai da suka karkato gabas suka ƙara musu arziki.

Na biyu kuwa kowa a garin nan ya san kufansa. Ibrahim Basha, ɗan Muhammadu Ali mai Masar, ya taso a 1816 da sojan da aka horar da igwoyi, har da wani hafsa Bafaranshe mai ba shi shawara kan harbin ganuwa. Daga Madina zuwa nan tafiyar wajen mil 500 ce, kowane harsashin igwa, kowane buhun alkama, sai bisa raƙumi, raƙuman kuwa na ƙabilun hanya ne, da kuɗi tsaba ya riƙa sayen yardarsu. Garin Rass kaɗai ya tsai da shi fiye da wata uku a 1817. Ya iso Dir'iyya cikin Afrilu 1818, aka yi wata shida ana fafatawa a cikin kwarin nan, har ma'ajin albarushinsa ya kama wuta ya tashi, ya zauna jiran ayari ya kawo wani. A watan Satumba Imam Abdullahi bin Sa'ud ya miƙa kansa don a bar jama'a, aka kai shi Alƙahira, daga can Istambul, aka kashe shi. A 1819 aka rushe garin, aka sare dabinai. To, sai me? Cikin shekarar nan Basha ya janye, don ba shi da abin ciyar da runduna a Najadu, a 1824 kuma Imam Turki bin Abdullahi ya kama Riyad. Masarawa suka sake dawowa, suka sake fita a 1840. A Janairu 1902 Sarki Abdul'aziz, Allah ya jiƙansa, ya zo daga Kuwait da mutanen da ba su kai ɗari ba, bisa raƙuma, ya karɓi Masmak. Su 'yan ƙasa ne, sun san inda ruwa yake.

Abin da muka gani cikin labaran nan biyu shi ne, raƙumi yana iya kai baƙo ya yi ɓarna, amma igiyar da ke haɗa baƙon da gidansa siririya ce ƙwarai, tana kuma hannun waɗansu. Ko dai ya koma inda ya fito kamar Ibrahim Basha, ko ya zauna ƙasa ta haɗiye shi kamar Arma. Don haka mu a ganinmu, da Baturen 1470 ya iso Kano bisa raƙumi, da ya iso a gajiye, bindigarsa irin ta zamanin ce mai cin lokaci kafin a ɗura, ya tarar da ganuwar da Rumfa ya faɗaɗa, da barade masu lifidi da sulke, waɗanda Kano ta sani tun zamanin Sarki Kanajeji. Ba abin da zai yi sai ya nemi fatoma, ya kai gaisuwa fada, a ba shi masauki. Abin dariya ma, unguwar tana nan da sunanta tun tuni: Dandalin Turawa, inda Larabawan Tarabulus da Gadamas suka zauna, gama a bakin kakanninmu su ne Turawa na farko, daga baya ne sunan ya koma kan Nasara. Da ya zauna nan kusa da Agadasawa, ya sayi turkuɗi da jar fata, jikokinsa su tashi suna cin tuwo suna jin Hausa fiye da mu nan da muke cakuɗa ta da Larabci.

Faransawa sun tabbatar da wannan da jininsu, a zamanin da bindiga ta riga ta yi nisa. A 1881 Kanar Flatters ya shiga ƙasar Hoggar yana auna inda za a shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa, jagororinsa suka kai shi wata rijiya inda ake jiransa, kaɗan daga mutanensa suka koma gida. A 1898 Foureau da Lamy suka taso daga Aljeriya da raƙuma wajen 1,000, kafin su fita Azbin kusan duka sun mutu, har suka ƙone kayansu don ba abin ɗauka, da ƙyar suka kai Damagaram a Nuwamba 1899. Ba su sami kan hamada ba sai da Laperrine ya kafa rundunar mahaya raƙumi a 1902, ya cika ta da Larabawan Sha'amba, kowa da raƙuminsa, suna ci suna sha irin na makiyaya. Watau sai da suka yi hayar 'yan hamada tukuna. Ingilishi kuwa ba su wahalar da kansu ba. Ta teku suka zo, suka hau Kwara da jirgi mai hayaƙi zuwa Lakwaja, suka taso daga Zariya da 'yan dako da igwa da bindiga mai ruwa, suka shiga Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato kuma ran 15 ga Maris. Ganuwar da dattawa ke yabo tana fuskantar arewa, su kuwa ta bayan gida suka shigo, ta inda raƙumi bai taɓa takawa ba.

Ga samari kuma muna da lissafi ɗan kaɗan. Amale mai ƙarfi yakan ɗauki kilo 150 a doguwar tafiya. Jirgin ruwa mai ɗaukar tan 150, wanda ba wani babba ba ne ko a zamanin da, ya ɗauke kayan raƙumi 1,000 ke nan, ba ya kiwo, ba ya biyan fito a kowace rijiya. Barth, Bajamushen da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta tufafin Kano da ake kaiwa Tambutu kowace shekara sun kai kayan raƙumi 300, ana kuwa ganin wannan babban ciniki ne. Da jirgi ne, ko cikinsa ba zai cika ba. Sabo da haka ko da Turawa sun yi kiwon raƙumi, mutanen da teku ta kewaye su ta fuska uku ba za su bar jirgi ba, kamar yadda mutanen Oman da Kuwait, masu raƙuma a bayan gida, ba su bar nasu ba, suna zuwa Indiya da Zanzibar. Kano da Dir'iyya ba ƙyuya ce ta hana su jirgi ba, Allah bai ajiye su a bakin ruwa ba ne. Mutanen Fotugal sun isa gaɓar zinariya a 1471, suka gina gidan Elmina a 1482, tun daga ran nan wani kashi na zinariyar ya juya kudu. Ayarin Tarabulus ya yi ta jan jiki har 1911, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Kano, Italiya kuma ta faɗa wa Tarabulus. A ƙarshen 1922 motocin Citroën suka taso daga Aljeriya, suka shiga Tambutu a Janairu 1923, tafiyar kwana ashirin.

Akwai kuma abin da bai kamata mu tsallake ba don kunya. Raƙumi ya kawo mana littattafai da takarda da malamai irin su Shehu Magili, wanda ya sauka Kano zamanin Rumfa, ya kawo kantun gishirin Bilma, ya kai alhazai. Amma a bayan ayarin nan akwai waɗanda ke tafiya a ƙasa, ba da son ransu ba, matafiyan da suka bi hanyar Barno zuwa Murzuk sun ba da labarin ƙasusuwan da suka gani kewaye da rijiyoyi. Jirgin ruwa ya kwashi fiye da mutum miliyan 12 zuwa ƙasashen Amurka, wannan gaskiya ne, amma yawan na teku ba ya wanke na tudu. Wanda zai yabi raƙumi ya yabe shi da wannan a ransa.

Mu kanmu, masu amsa sunan Hausawi a takardun ƙasar nan, in muka bincika za mu tarar yawancin kakanninmu ba bisa raƙumi suka zo ba. Tsohuwar hanyar hajji ta Agadas da Fazzan da Masar ta sarakuna ce da attajirai, masu halin biyan haya. Talaka gabas ya bi, musamman bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ran 27 ga Yuli 1903, jama'a suka yi ta kwarara, ɗansa Mai Wurno ya kafa gari a bakin Shuɗin Nil wanda ke amsa sunansa har yanzu. Daga Barno a bi ta Fallomi, watau Njamena ta yanzu, sai Abeshe, sai Jinena, sai Fashir, sai Ubayyid inda jirgin ƙasa ya kai a 1912, sai Sawakin ko Fot Sudan, a shiga jirgin ruwa a ƙetare Bahar Maliya. Da jaki ɗaya aka yi tafiyar, ko da ƙunshi a ka, ana tsayawa a yi noma ko tsinkar auduga a Jazira shekara biyu ko biyar, a sami guzuri a ƙara gaba, waɗansu an haife su a wani zango, suka yi aure a wani. Raƙumin da da yawansu suka fara hawa shi ne na tsakanin Jidda da Makka da Madina, shi ma in akwai kuɗin haya.

Muna roƙon dattawan da suka riƙe sunayen zangunan da iyayensu suka sauka, da shekarun da suka yi a kowane, su aiko wa mai buga takardar nan, ko su faɗa wa jikokinsu su rubuta, da Hausa ko da Larabci duka ɗaya ne. In sun taru za mu jera su a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda.

Wassalam.